Jan Kafso Ashirin da Ɗaya

Allah Ya ƙara wa Farfesa ilimi, ko da yake babu sauran wurin zubawa. Wata huɗu ya yi yana sauke kwalayen magani a wani shago, tun daga nan ko tari ka yi sai ya gaya maka sunansa da Turanci.

Matarsa ta yi ɓari biyu. Da ta samu ciki na uku, likitar iyalinsu, wata dattijuwa mai sanyin magana, ta auna jininta, ta ba ta 'yar ƙwaya mitsitsiya ta sha kullum. Ta ce kada ta ƙara komai sai ta tambaya.

Farfesa ya ɗaga ƙwayar a tafin hannu, ya yi tsaki.

"Wannan ce za ta riƙe ɗan Farfesa? Ko kaza ba za ta ji ta ba!"

Ya kawo jan kafso ƙato, ya ce ɗaya kowace safiya. Matar ta ce, "To, Maigida." Kullum takan karɓa, ta juya baya ta kurɓi ruwa.

Bayan mako uku suka koma wurin likita. Farfesa ya riga ta zama a kujerar mara lafiya, ita tana tsaye da jaka. Duk tambayar da aka yi mata, shi ya amsa, har da ta amai.

Likita ta kwantar da ita, ta ɗora na'ura a mararta. Ga 'yar zuciya tana bugawa. Matar ta rufe ido, hawaye ya gangaro mata har kunne.

"Kin gani, abokiyar aiki?" in ji Farfesa. "Aikin kafsona ne. Kina iya rubuta sunan, ba na rowar sani."

Ya miƙa mata kwalin kafson. Likita ta karanta, fuskarta ta canja.

"Wannan ai mai ciki ba ta shan sa. 'Yata, nawa kika sha?"

Matar ta tashi zaune, ta kwance bakin mayafinta a kan tebur, jajayen kafso suka zubo. Likita ta ƙirga da bakin biro. Ashirin da ɗaya cif.

"Ƙwayarki kaɗai nake sha, Likita."

Farfesa ya buɗe baki, Turancin ya ƙi fitowa.

"Kwashe su ka mayar," in ji likita. "Na ji an ce ɗaukar kaya kam ka iya."