Na'urar da Ta Ce Mai Girma Ba Kowa Ba Ne

Jiya da safe na sauko daga gado na tsoma ƙafa cikin ruwa har idon sawu. Kwatar unguwarmu ta toshe tun farkon damina, duk ruwan da aka zuba a Kwatano sai ya biyo ta ɗakina. Na leƙa waje na ga maƙwabciyata Tanti Senami, mai soya kifi, tsaye kan benci tana kallon kaskonta yana yawo a tsakar gida.

"Kai ɗan boko, ba ka ce ka aika musu saƙo ba?"

Na aika mana. Ai ofishin hukumar garin nan an waye, ba a karɓar koke da baki, sai ta imel. Amma duk wanda na tura sai ya dawo mini da amsa guda: babu izini.

Na naɗe wando na hau acaɓa. A can aka tura ni wurin Dossou, mai kula da na'urori. Ya ce na'ura biyu ce. Ɗaya ɗan aike ce mai karɓar saƙo, ɗayar kuma rumbu ne da duk ofisoshi ke ajiya a cikinsa. Shi rumbun ba ya yarda da baƙo. Ɗan aiken yana zuwa masa ne da sunan shugaba, wato mai cikakken iko a kan na'ura, shi kuwa ko shugaban wata na'ura ya zo sai ya tuɓe masa hula ya rubuta shi "ba kowa ba". Wanda ba kowa ba kuma ba ya ajiye komai a ciki.

Na ce, "To ka gyara mana, ƙanena, katifata na iyo."

"Yaya, gyaran bai kai shan shayi ba. A ba ɗan aiken suna ɗaya da na'urorin biyu suka sani, shi ke nan. Amma sai an sa hannu daga sama."

Muna cikin haka sai ga shugaban ofishin, Mai Girma Uban Ci Gaba, Allah ya ƙara masa sanyin ofis, ya fito zai shiga mota. Kunnensa ya tsinci maganar.

"Wane ne ba kowa ba?"

Dossou ya ce, "Ranka ya daɗe, sunan shugaba ne na'urar..."

"A ofishina? A sa ta san ni yanzun nan."

Dossou ya koma kan na'urarsa. Ya danna, rumbu ya san Mai Girma, ɗan aike ya shiga da sunansa, saƙonnin jama'a na wata da watanni suka kwararo ciki. Har na fara sa albarka.

Sai dai tunda da sunansa suka shiga, duk sun zama mallakarsa, a kulle, shi kaɗai ke iya buɗewa. Shi kuwa bawan Allah ba ya karanta imel, sakatariya ke buga masa a takarda. Sakatariya ta gwada, aka ce mata babu izini. Kafin a waiwaya, motarsa ta kama hanyar filin jirgi. Ya tafi ƙasar waje taron ƙara wa juna sani kan ambaliya.

Da na dawo Tanti Senami ta ce, "An karanta?"

Na ce, "Ya dai isa lafiya, Tanti."

Ta miƙo mini bokiti.

Ina kwalfe ruwa ina tunani. A duk ginin nan rumbun ne kaɗai ya taɓa gaya wa mutumin gaskiya, kuma shi kaɗai aka yi wa gyara.