Ranar Da Na Ɓoye Janar A Bayan Kurmi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarata ta farko ta koyar da tarihi a wata sakandare a Tudun Wada. Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Ko takardar neman izini sai na karanta ta sau huɗu kafin na miƙa. Amma a abu ɗaya na yarda da kaina: wasan kwamfuta na yaƙin zamanin da, wanda kake jera dakaru, 'yan baka nan, masu mashi can, janar bisa doki. Tun a jami'a nake buga shi, kuma (in dai ban manta ba) ban cika shan kashi ba.

Sai na roƙi Firinsifal ya riƙa ba ni majigin makaranta duk mako in nuna wa ɗalibai dabarun yaƙi. Ya ce sai ya gani da idonsa. In shirme ne, majigi ya koma kabad, magana ta mutu.

A wasan nan, da zarar janar ya faɗi, zuciyar dakaru karyewa take. Kwana uku na yi ina tunanin inda zan ajiye nawa. Ranar gwaji, aji cike maƙil, Firinsifal na kujerar gaba, na ɗauke janar ɗin daga cikin runduna na kai shi can bayan wani kurmi, inda kibiya ba ta kaiwa. Masu tsaronsa kuwa na tura su fagen daga, wai a ƙara ƙarfi.

Baba Sale maigadi, tsohon mafarauci daga wajen Doguwa, shi ya tayar mana da janareta, ya tsaya a bakin taga.

"Malam," in ji shi, "wancan bawan Allah da ka ware shi kaɗai, laifin me ya yi?"

"Baba, shi ne shugaba. Adana shi ake yi."

"Adana shi, sai ka ce irin shuka? Mu a dawa babba a tsakiya yake tafiya, inda kowa ke jin tarinsa."

Na yi murmushi irin na mai digiri. "Baba, wannan ilimi ne, ba farautar gada ba." (Allah ya yafe mini wannan magana.)

Yaƙi ya fara, kuma gaskiya ya yi kyau. 'Yan bakana suka yi ruwan kibau, abokan gaba suka fara ja da baya. Daɗi ya ɗebe ni, na juya wa bangon da majigi ke haskawa baya ina jawabi a kan muhimmancin taka-tsantsan.

"Malam, dawakai!" in ji wani ɗalibi.

"Ku yi shiru ana darasi."

"Malam, wallahi bayan kurmi!"

Kafin na juya, wasu 'yan mahaya da ba su fi a ƙirga da yatsu ba sun zagayo sun tarar da janar ɗina a tsaye, ba kowa a gefensa. Sara ɗaya. Rundunar da ke cin nasara ta watsar da makamai ta ranta a na kare. Ina ta danna musu umarnin su tsaya, ko waiwayowa ba su yi ba. Aka bi su ana sassarewa ta baya, adadin gawa yana hauhawa a jikin bango da manyan lambobi. Waɗanda suka mutu a guje sun ninka waɗanda suka mutu a daga.

"Allah ya jiƙan janar," in ji Baba Sale a hankali. "Ko mai miƙa masa ruwa ba a bar masa ba."

Aji ya fashe da dariya. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, wannan ma mu kwafa a littafi?"

Firinsifal ya share ƙwallar dariya ya miƙe. "Na ba ka majigi. Amma duk Laraba a sa wa Baba Sale kujera a gaba. Kai ka danna, shi ya yi bayani."

Haka muka ƙare zangon, ni ɗan danne-danne. Na dai koyi cewa tsoro ma in ya yi yawa ganganci ne. Kuma in har za ka raina shawarar dattijo, kada ka yi a gaban majigi, inda kuskurenka ke fitowa da girman bango.