Ranar da 'Yar Jamus Ta Kulle Gawa a Hanyar Rijau

Ba zan taɓa mantawa ba da Talatar da mahaifin Hajara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba rasuwar ce ke damuna har yau ba. Wata magana ce guda da ta fito daga bakina a gefen titi.

Hajara malamar firamare ce a nan Kontagora, ita nake nema da aure. Manya sun shiga maganar, saura sa rana. Ni kuwa tun ina sakandare littattafan soyayya na kasuwa suka juya mini kai. A cikinsu ban taɓa ganin saurayin kirki ya je zance a tsohuwar motar Japan ba. Kullum baƙar mota ce ƙirar Jamus, ya sauke gilashi a hankali, ƙamshi ya riga shi fitowa. Shi ya sa na sayar da 'yar Japan ɗin da ta yi shekara tara tana yi mini bauta, na sayi 'yar Jamus ta hannu (Bature ya gaji da ita, wani a Kwatano ya ƙara gajiya da ita, sannan ta iso gare ni).

Tunda na riƙe duka biyun, bari in faɗi gaskiya. 'Yar Japan ba ta da daɗin zama, ƙofarta kamar murfin gwangwani. Amma za ta sha man 'yan bumburutu ta yi hamdala, kuma duk makanikin da ke gindin bishiya ya san cikinta. 'Yar Jamus idan ta hau kwalta sai ka ji kamar a kan katifa kake tafiya. Sai dai tana da ra'ayin kanta, ba ta shawara da mai ita.

Baban Hajara ya cika da hantsi, ya kuma bar wasiyya a binne shi a ƙauyensu, gaba da Rijau. Da aka gama yi masa sutura ana neman mota, sai na yi wuf na ce ga tawa. (A raina ina hango Hajara tana share hawaye tana cewa, "Wannan shi ne namiji." Ku dubi inda hankalina yake, ana makoki.) Muka kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa shi a kan tabarma. Babban wanta, Yaya Sani, ya zauna gaba, mata suka biyo mu a bas. A ƙauye an riga an haƙa kabari, jama'a na jiran sallar gawa bayan la'asar.

Muka tsaya azahar a wani ɗan masallaci bakin hanya. Na cire babbar riga don alwala, na jefa ta kan kujera, makulli na aljihunta, na tura ƙofa. Ban kai ga buta ba na ji ƙwas.

Motar ta kulle kanta, ƙofofi huɗu, har da but. Rana tsaka, gilasai a rufe, Baba a ciki.

Aka kirawo mana wani makaniki mai suna Bulus, ya zo da lanƙwasasshiyar waya. Ya zura nan, ya zura can, ya share gumi.

"Oga, in da Japan ne, minti biyu na buɗe shi. Wannan ko ɓarawo ba ya yarda da shi. Ɗaya makullin yana ina?"

"Yana Kontagora," na ce.

Ƙarya ce. Da makulli ɗaya aka sayar mini da ita. Sai da Yaya Sani ya tsayar da mai babur zai aika a ɗauko, sannan na amsa laifina da ƙaramar murya. Ya sallami mai babur ɗin.

Muka fi awa a wurin, Bulus na ta fama. Liman ya bugo waya sau uku daga ƙauye. Ƙudaje suka fara taruwa a jikin ƙofar baya, kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Ana haka bas ɗin mata ta iso, Hajara da mahaifiyarta suka sauko.

Yaya Sani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ni kuma, ban san lokacin da na sha gabansa ba, na ware hannuwa na kare motar da jikina.

"Yaya, tsaya! Gilashin nan fa ba a samunsa sai Legas!"

Har Bulus ya sunkuyar da kai. Inna, mahaifiyar Hajara, ta gyara mayafinta, ta dube ni da jajayen idanu, ta ce a hankali:

"Ɗan nan, shi kuma wanda ke ciki, a wane gari ake samunsa?"

Hajara ce ta karɓi dutsen daga hannun wanta. Ba ta dube ni ba. Bugu biyu ta yi, gilashin ya zube, motar ta ɓarke da ihu kamar ita aka yi wa mutuwa. Suka fito da Baba, suka tsayar da wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Japan, ta wani manomi, suka gyara masa wuri tsakanin buhunan masara.

"Ka zauna ka kula da motarka," in ji Yaya Sani.

Na bi su a baya, iska na shigowa ta fasasshiyar taga. Ban iya matsawa cikin sahun sallah ba, a can ƙarshe na tsaya. Bayan sadakar arba'in kawun Hajara ya zo gidanmu da kayan da muka kai, a ɗaure yadda muka kai su. Ya gaisa da mahaifina cikin mutunci, bai ko sha ruwa ba.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ka mallaka, ka tabbata za ka iya riga kowa ɗaukar dutse a kansa. Gilashin kuwa, a Kaduna na same shi.