Ƙadandoniyar da Na Kai wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen damina ba, ranar da na je Basirka gaida Malam Idi, mahaifin Hauwa da nake nema. Sati biyu ke nan da ɗaukata aikin duba-gari a Birnin Kudu, sai ji da kai nake yi. Na ɗauro buhun sabuwar gyaɗa daga gonarmu, wadda ta kwana a ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar harawa.

Hauwa ta riga ta ja mini kunne: "Malam bai yanke shawara a kanka ba. Ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai, ka yi shiru."

Na jingine buhun a zaure, na durƙusa. Muna cikin gaisawa sai ga ƙadandoniya a kan tabarma, baƙa wuluk, ƙafafu rututu. Ga ta biyu, ga ta uku. Ai kuwa bakina ya ƙwace mini.

"Baba, ba shanshani ba ne, wannan ba ta cizo, naɗewa kawai take yi." (Har da taɓa ta da tsinke, don a san na yi karatu.) "Danshi da ƙazanta ke kawo ta. A gaya wa Inna a riƙa shara, a ɗaga itacen girki daga ƙasa, a barbaɗa toka a bakin ƙofa."

Inna fa, mahaifiyar Hauwa! Matar da ke share gidanta sau uku a rana, kuma tana bayan ƙyaure tana ji.

Malam ya bari na gama, sannan ya yi nuni da carbinsa: "To Malam Duba-gari, waɗancan kuma wa zai share?"

Na waiwaya. Wayyo Allah! Daga bakin buhuna suke fitowa a jere. Kunya ta kama ni har gumi ya jiƙa mini hula. Na rarrafa na tsince su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, na fice ko sallama babu.

Wata guda ban taka Basirka ba, na cire rai da Hauwa. Sai ga saƙon Malam: a turo magabata, wai mai tsintar ƙadandoniya ya fi mai lacca hankali, shi zai aura wa Hauwa.

Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, ina kewar barkwancinsa. Har yau in ƙadandoniya ta shigo ɗakinmu, Hauwa kan ce, "Ga 'yar rakiyarka." Ni kuwa kafin in duba gidan kowa, buhuna nake fara kwancewa.