Rasuwar Jadawalin da Ke Ƙirga Kwanakin Zumunci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Safiyo mai ritaya, tsohon ma'aunin filaye, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Jadawalin Zumunci, wanda a gida aka fi sani da Dattijo. Ya cika da safiyar Litinin a kan teburin cin abinci, a gaban mai shi, bayan jinyar kwana goma sha tara da ba a lura da ita ba. Ya rasu yana da shekara shida.

An haifi marigayin a cikin kundin da Safiyo ya buɗe wa kansa a kwamfuta watan da ya ajiye aiki, irin kundin nan mai shafuka haɗe da juna da ake kira wiki. Kundin bai taɓa barin gida ba, kuma babu mai rubutu a cikinsa sai shi. Marigayin ya tashi da layi goma sha biyu, ya rasu da layi ɗari da arba'in da biyu, kowane layi da sunan mutum guda da ranar da aka yi magana da shi ta ƙarshe. Aikinsa ɗaya ne. Kowace safiya yakan lissafa kwana nawa ke nan rabon Safiyo da kowa, ya jera sunayen daga wanda aka fi daɗewa da shi zuwa wanda aka gaisa da shi jiya. Idan ya gama sai ya ce “tin”, sau ɗaya, ba ya maimaitawa. Sai Safiyo ya ajiye kofin shayi, ya ɗauki waya ya kira na sama.

Waɗanda suka zauna da marigayin sun shaide shi da rashin son kai. Bai san babba ba, bai san mai hali ba. Ya taɓa ɗora tsohon direban ofis a kan surukin gidan, aka kai ƙara, bai sauya ba. Gwaggon Safiyo, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta samu kira sau goma sha biyar ta dalilinsa, a kowanne kuma ta tambaya ko wani ne ya mutu.

Suna ɗaya ne ya gagare shi. Shekara biyu da wata tara da suka wuce, Safiyo ya ziyarci wansa, wanda kowa ke kira Yaya, ya tarar ya gama sabuwar katanga. Ba wanda ya sa shi, ya ɗauko tef ɗin awo daga mota, ya auna, ya faɗa a gaban maƙwabta cewa katangar ta ci taku ɗaya da rabi na filin mutane. Awon daidai ne. Yaya ya rushe katangar da hannunsa, ya kuma daina ɗaga waya. Bayan gwaji uku Safiyo ma ya daina kira.

Tun daga lokacin marigayin ya riƙa hawa da sunan Yaya har ya kai shi layin farko, ya bar shi a can. Kwana ɗari uku, ɗari shida, ɗari tara. Kowace safiya Safiyo yakan dubi layin, ya gyara tabarau, ya kira na biyu. Maiɗakinsa ta ce ta sha ganin yatsansa ya tsaya a kan lambar Yaya har shayi ya huce.

Ciwon ajalin tun haihuwa yake ɗauke da shi. Marigayin bai iya gane girman lamba ba. Yana duba ta ne daga hagu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jera sunaye. Don haka Safiyo ya koya masa rubuta kowace lamba da gurbi uku, bakwai ta zama 007, arba'in ta zama 040, jeri ya tafi daidai. A lokacin maiɗakinsa ta tambaye shi me ya hana ya sa gurbi huɗu. Ya ce, “Haba, wane mutumin kirki ne zai yi kwana dubu bai ji muryar ɗan'uwansa ba?”

Ranar da Yaya ya cika kwana dubu, marigayin ya dubi 1000, ya ga ta fara da ɗaya da sifili biyu, sai ya sauke ta cikin 'yan kwana ɗari, can ƙasa inda sai an gangara ake gani. Ya ce “tin” kamar kullum. Safiyo ya duba sama bai ga sunan ba. Bai gangara ba, bai tambaya ba. Iyalan sun tabbatar cewa a cikin kwanakin nan goma sha tara ya ci abinci sosai, har an ji shi yana fito a bayan gida.

Maiɗakinsa ce ta gano ciwon, ta zo ɗauke kofi ta leƙa ta kan kafaɗarsa.

“Baban yara, ina Yaya? Ko kun shirya ne ban sani ba?”

“Na'ura ce ta sauke shi.”

“Na'ura. To sannunka da hutawa.”

Ta wuce kicin. Safiyo ya buɗe lissafin da niyyar ƙara gurbi na huɗu. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan layi bai taɓa kaucewa ba, ranar ya kauce. Ya goge abin da bai kamata ba, ya adana a kan tsohon. Gurbin kwanaki ya koma fari fat daga sama har ƙasa. Ya jira “tin”, ba ta zo ba. Sunayen suka kwanta yadda aka fara rubuta su shekara shida da suka wuce, kuma sunan da Safiyo ya fara rubutawa a ranar shi ne na Yaya.

Wani tsohon abokin aikinsa da ya san harkar ya duba gawar, ya ce cikin minti goma zai tashe ta. Safiyo ya gode masa, ya ce a bar ta ta huta.

Marigayin ya bar shafin magungunan hawan jini, da shafin shukokin tsakar gida, da jerin littattafan da aka ara ba a dawo da su ba, da sunaye ɗari da arba'in da biyu waɗanda yanzu babu mai jera su. Ya kuma bar Safiyo, wanda tun Litinin yake zama a gaban kwamfutar a rufe.

Za a yi wa marigayin sutura ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a kan teburin da ya cika a kai. Za a buga sunayen a takarda, maiɗakin Safiyo ta ajiye a aljihun tebur, sannan a goge shafin. Ba a buƙatar taro. Masu ta'aziyya za su iya zuwa gida da ƙafarsu bayan azahar, ko su kira lambar maiɗakinsa. Ana roƙon jama'a, don Allah, kada kowa ya kira wayar Safiyo a 'yan kwanakin nan. Ya kira Yaya sau biyu ranar Laraba, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, kuma yana so layin ya zauna a buɗe.