Nomau da Karnukan Dutsen Shanya

Mai unguwa Korau na Kwarin Maje yakan ce shi magana ɗaya yake yi a unguwarsa, mutum da dabba su bi. Yakan ce ko akuya ya daka wa tsawa daga zaure, sai ta tofar da ganyen da ke bakinta ta nemi gafara. Ya faɗi haka a majalisa, ya faɗa a wurin suna, ya faɗa har a gaban Dagaci. Ba wanda ya taɓa musa masa, don ba mai son ɓata da mai rawani a kan akuya.

In za a bi gaskiya, mutum ɗaya ne tak a unguwar yake bin maganarsa yadda ta fito daga bakinsa, shi ne Nomau, ƙanen matarsa. Nomau ya ba arba'in baya, yana zaune a wani sashe na gidan Korau, shi da matarsa Tabawa da wata tunkiya da ba ta taɓa haihuwa ba. Ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa, ba ya ƙara komai a kan abin da aka ce masa, ba ya kuma ragewa. Tabawa ta daɗe da gane kansa. In za ta aike shi ɗebo ruwa, sai ta haɗa masa da cewa ya dawo da tulun.

To a bayan unguwar akwai wani falalen dutse mai faɗi, inda mata ke shanya tattasai da barkono in kaka ta yi. Unguwar kuwa ta mafarauta ce, kusan kowane gida da karensa. Ba a san abin da karnukan suka gani a dutsen nan ba, ga daji ga kwari, amma da hantsi ya ɗumama shi sai su hau su tsuguna, kowa da gurbinsa. Mata suka gaji da tsince abin da ba su shanya ba daga cikin abin da suka shanya. Wata tsohuwa Iya Talle ta ja su har ƙofar Dagaci. Dagaci ya sa aka kira Korau, ya ce masa zai zo da kansa ya duba dutsen in an gama tsinkar tattasai, in ya tarar da kashin kare ko guda ɗaya, rawanin unguwar ya koma kan wani. Korau ya ce ai magana ɗaya ce. Ya dawo gida rigarsa jiƙe da gumi.

Wata rana ya kira Nomau, tunda mai rawani ba ya gadin kashin kare da kansa, ya ce ya tafi kan dutse ya zauna ya lura da abin da karnukan nan ke yi. Nomau ya tafi ya zauna. Da la'asar ya dawo fuskarsa wasai, ya durƙusa ya fara ba da bayani: wane ne ya fara zuwa, wane ne ya yi a kan barkonon Iya Talle, wane ne ya zagaya ya zagaya sannan ya fasa ya koma kan tattasan maƙwabciyarta. Korau ya tambaye shi, da yake ganin duk wannan, me ya yi. Nomau ya ce ya lura.

"Ba ka kore su ba?"

"Da na kore su, Yaya, da me zan lura?"

Wata rana kuma, bayan Korau ya huce, ya ce wannan karon duk karen da ya hau dutsen ya kore shi, kada ya rabu da shi sai ya ga ya shiga gidansu. Aka yi rashin sa'a karen da ya fara hawa ba ɗan gari ba ne, na wasu Fulani ne masu tashi da suka ratso da shanunsu. Nomau ya ɗauki kara ya bi shi. Karen ya shiga cikin shanu, Nomau ya shiga. Shanu suka nausa kudu, Nomau ya nausa. Aka neme shi a rijiya, aka neme shi a kasuwa, Tabawa ta zauna a ƙofar zaure ta ce ba za ta tashi ba sai an fito mata da mijinta. Karnukan gari kuwa suka samu dutse ba mai gadi, suka yi yadda suka ga dama. Sai da aka kwana biyu sannan ga Nomau ya dawo, ƙafa a kumbure, yana riƙe da ƙwaryar nono da aka ba shi guzuri.

"Har yanzu ba su yanke inda gidan zai kasance ba, Yaya," in ji shi. "Na dawo in ji ko in ci gaba."

Korau ya dube shi, ya dubi sama, ya shige cikin gida.

Wata rana Korau ya ga ba karnuka ne abin yi wa magana ba, masu su ne. Ya ce Nomau ya bi gida gida ya gaya wa kowane mai kare cewa mai unguwa ya ce ya riƙa kwashe abin da karensa ya yi. Da yake ransa a ɓace yake, sai ya ci gaba da mita yana gyara rawani: musamman wannan Sarkin Baka Gagare, shugaban mafarauta wai, wanda rabonsa da kashe ko zomo tun yana da haƙoran gaba, ya tara karnuka sun fi shi ƙiba, da sauran malalatan da ke bin sa suna dawowa da ɓera a rataye kamar sun kashe zaki. Nomau ya tambaya ko duka zai faɗa. Korau, da hankalinsa ke kan rawani, ya ce kada ya rage ko kalma. Bai rage ba. A ƙofar Gagare ma sai da ya maimaita wurin haƙoran, don ya ga kamar mutumin bai ji sosai ba. Kafin azahar mafarauta sun cika ƙofar Korau da karnukansu. Gagare ya ce kashi ba ya zuwa da sunan mai shi, nasa karnukan a daji suke yi kamar kowane mai tarbiyya, kuma ba a haifi wanda zai sa shi riƙe tsintsiya ba. Daga ranar, in za su fita farauta, sai su bar hanya su bi ta kan dutsen, su tsaya a can suna gaisawa a tsanake.

Wata rana labari ya zo cewa Dagaci ya aiko bafadensa ya ga yadda ake ciki. Korau ya rikice. Ya ce Nomau ya ruga ya rufe kowane kashin kare da wani abu mai kyaun gani, kada idon baƙo ya faɗa kai, shi kuma zai tsare shi da gaisuwa a zaure. Nomau ya duba gidan kaf, bai ga abin da ya kai murafan kwanonin yayarsa, matar Korau, kyaun gani ba, waɗanda ke jere a ɗakinta tun na aure. Ya kwashe su, ya haɗa da fayafayan Tabawa masu ado, ya je ya kifa su ɗaya bayan ɗaya. Da bafade ya iso kan dutse, ga shi ya sha hanya ga yunwa, ya ga murafai reras suna ƙyalli a rana, sai ya ce haba, ai da mai unguwa bai wahalar da iyali haka ba. Ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗaga na kusa da shi. Ya mayar ya rufe. Don kada ya zalunci kowa, ya ɗaga na biyu. Daga nan ya tashi ya kama hanya ba sallama. Matar Korau kuwa ta ce ita da kwanonin nan har abada, kuma ta fara ba mijinta tuwo a ƙwarya.

Aka gama tsinkar tattasai, zuwan Dagaci ya matso. Korau ya zauna a zaure, rawani a kan gwiwa, yana shafa shi kamar mai jinya. Nomau ya leƙo ya tambayi aikin yau.

"Saura me kuma?" in ji Korau. "Na kora, na aika, na rufe. Sai dai ka ɗauko ganga ka yi musu kirari. Duk wanda karensa ya yi, ka wasa shi da ubansa da kakansa, gari ya ji ƙoƙarinsu, kada ka yi shiru sai ka ga dutse fes."

Ya faɗi haka ne irin faɗar wanda abin duniya ya ishe shi, ya tashi ya shige. Nomau ya wuce gidan wani tsohon makaɗi ya aro ganga da gularta.

Da hantsi mata suna baza tattasai sai ga jan karen Gagare, ya hau ya tsuguna. Nomau ya jira har ya gama, sannan ya saki ganga.

"Na Gagare ya sauke kaya. Gagare ɗan Barmo, jikan Cindo mai baka. Ga na gidanku a kan dutse, jama'a ku zo ku gani, gidan Cindo ba a yin ƙarami."

Gagare na majalisa ya ji ana kiran ubansa da kakansa da ganga, abin da rabonsa da ji an daɗe. Ya miƙe ya gyara hula ya taho yana taƙama. Sai da ya iso gindin dutse sannan sauran maganar ta shiga kunnensa. Ya ɗaga kai ya ga mata cike, ga Iya Talle a gaba, wadda ita ce ta haifi matarsa. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya baya, sauran matan suna tuntsira dariya a cikin zane. Kowa ya sani maroƙi da kyauta ake rufe masa baki. Gagare ya miƙa goro, Nomau ya karɓa ya yi godiya ya ci gaba. Gagare ya cire hularsa ya ba shi, Nomau ya sa ta a ka ya ƙara ƙarfi, har ya gangara kan kakar Gagare ta wajen uwa. Gagare ya tambaye shi a hankali me zai sa ya yi shiru. Nomau ya nuna masa kashin da gula. A gaban surukarsa, Sarkin Baka ya nemo fasasshen kasko da guntun tsintsiya ya duƙa.

Kafin rana ta faɗi an wasa gidaje da dama. Washegari masu karnuka suka ɗaure su har hantsi ya wuce, waɗanda nasu suka kuɓuce kuwa sai ka ga dattijo da gemu yana bin kare a guje da kasko a hannu. Mafarauta suka aika wa Korau cewa in bai hana ƙanen matarsa ba, zai gamu da su. Korau, wanda bai ko leƙa dutsen ba tun ranar bafade, ya tare Nomau da sassafe ranar zuwan Dagaci, ya fizge gular ya cusa a aljihu. Nomau ya rataya gangarsa haka nan ya tafi kan dutse ya zauna, tunda ba a ce ya daina zuwa ba.

Korau ya rako Dagaci yana jan ƙafa, ya riga ya yi ban kwana da rawani a zuciyarsa. Suka hau. Dutse fes, ja wur da tattasai daga wannan gefe zuwa wancan, ko ƙuda babu. Dagaci ya zagaya ya duba har cikin tsaguwar dutse, sannan ya ce rawani ya zauna inda yake. Ya tambayi yadda aka yi, don ya ji ana zancen wata ganga.

Nan take Korau ya ji wuyansa ya miƙe. Ya yi gyaran murya ya ce ai shi magana ɗaya ya yi. Dabarar gangar tasa ce, ya daɗe yana juya ta a ransa, asali ma gadonta ya yi wurin kakansa.

"To Yaya, tunda haka ne ka ba ni gular," in ji Nomau daga inda yake zaune. "Ko har yanzu za ka fasa min kai da ita in na sake kaɗawa?"

Kowa ya dubi aljihun Korau, inda kan gular ya leƙo a lanƙwashe. Dagaci ya juyo wurinsa.

"Na san kakanka, Korau," in ji shi. "Ban taɓa ganinsa da ganga ba. Amma tunda gado ne, ga gula a aljihunka, Nomau ba shi gangar mu ji hannun gidan."

Korau ya dubi matan, ya dubi Gagare da ke gefe yana murmushi da kaskonsa, ya taɓa rawaninsa. Ya karɓi ganga ya rataya a kan babbar riga, ya ɗaga gula. Nomau ya riƙe masa hannu.

"Ba yanzu ba, Yaya. Zauna nan. Sai kare ya tsuguna."