Ranar Da Na Kammala Karatu Sau Ashirin Da Biyu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Sabon Gari ba, a shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da makarantun koyon kwamfuta suka fara tsirowa a kowane bene. Ina aji biyar na sakandare, kuma da dogon hutu Baba ya yarda in riƙa takowa daga Fagge zuwa ajin Madam Ngozi.

Ni ba mai magana ba ce. Kallo ne nawa. Na san fankar ajin tana ƙara sau biyu kafin ta juya, na san maɓallin da ya goge a kowace kwamfuta. Shi ya sa Madam ta zaɓe ni in shirya takardun shaidar kammalawa na mu ashirin da biyu. "Ke idonki yana gani," in ji ta. Wannan yabon na riƙe shi kamar ƙwai, ba na son ya fashe.

Ta koya mini hanyar da ba ta koya wa kowa ba. Sunayenmu suna jere bisa tsarin haruffa a wani fayil na kwamfuta da ake kira XML, sai in rubuta umarni da yaren kwamfuta na XSLT wanda zai ɗora kowane suna a kan takardarsa. Akwai abin da ake kira bariyabul, wato kamar kwando: na kwashe sunayen duka na zuba a ciki. Abin da ban gane ba shi ne, in ka ce wa kwandon nan "ba ni suna" ba tare da ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba, na sama kawai yake miƙo maka. Kullum. (Sunana da "A" yake farawa. Kun fara hango inda muka dosa.)

Na duba shafin farko a allo, na ga sunana ya zauna ɗas, har da ado a gefe. Na buga. Firintar tana kifa takardu ne, ni kuma don tsoron kada yatsana ya ɓata tawada, a kife na zuba su cikin fayil na kwali.

Ranar biki Baba ya bar rumfarsa a Kantin Kwari ya zo da babbar riga. Babban baƙo, wani Alhaji mai tabarau, ya ɗaga takarda ta farko ya kira sunana. Aka tafa, na karɓa, na koma. Ya ɗaga ta biyu, ya sake kiran sunana. Ya gyara tabarau. Ta uku ma ni ce.

"Madam, 'yan uku ne?" ya tambaya.

Chinyere, wadda ke zaune kusa da ni, ta zungure ni. "Ƙawata, ashe mu rakiya muka yi miki wata biyu?"

Ajin ya kece da dariya. Na ja hijabi har hanci, ina kallon wani ƙusa a jikin benci. Daga baya na jiyo muryar Baba: "Alhaji, ci gaba da kira, ni ma yau nake son sanin 'ya'ya nawa na haifa."

Madam ta karɓi takardun ta bi su ɗaya ɗaya. Na jira faɗa. Sai ta ce, "Tashi. Kafin a gama shan lemo ki gyara." Na zauna gaban kwamfuta, ta tsaya a kaina, ta nuna layin umarnin da ɗan yatsa: "Kada ki tambayi kwando. Ki tambayi sunan da kike kansa yanzu." Kalma ɗaya na canza. Sunaye ashirin da biyu suka fito, kowa da nasa, ta ce ni zan miƙa wa Alhajin da hannuna.

Tun daga ranar, duk aikin da na buɗe na ga nawa ya yi kyau, ba na murna tukuna. Sai na gangara ƙasa na ga yadda na sauran mutane ya kasance.